Ku Tambaya Mu Amsa: Baƙi sun sauka gidana, ina zan dosa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Surukina ne ya gudo daga wajen Jibiya ta Najeriya shi da mata da yara saboda 'yan bindiga, yanzu suna gidana nan Damagaram, ba takarda ko guda, yara ba lakwal, shi kuma kunya ta hana shi fita neman aiki. Akwai hukuma ko ONG da ke kama ma irinsu? Daga mai karatu, Garin Malam, Zinder.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya saka maka da alheri Alhaji. Abu na farko kar ka ɓoye su, wallahi ɓoyon nan shi ke jawo wahala. Kama hannunshi ku je gun mai unguwa ya san da zamanshi, don gobe in an tambaya a komisariya ko a mairie akwai mai shaidarshi, balle yanzu da gwamnati ta fito da sabuwar doka kan shiga da zaman baƙi a Janairun 2025, kuma Nijar ta fita CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, mutane na ta ɗauka kamar da ne alhali takarda ta ƙara daraja.

Tunda gudun rai ya yi, sai ya nemi rajistar ɗan gudun hijira. Hukumar CNE ta gwamnati mai tantance 'yan gudun hijira ke duba wannan tare da HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ba sabon abu ba ne, tun 2019 mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato ke kwararowa jihar Maradi har aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Chadakori, suna shan ruwa fanfo ɗaya da 'yan gari, yara aji ɗaya. Amma gaskiya ƙarfin ONG ya fi yawa can Maradi da Diffa, kar ka sa mishi rai buhun shinkafa zai zo ƙofar gida.

Yara kam je ka ga direktan lakwal da kanka, kar ka aika. Faransanci zai ɗan ba su wuya da fari tunda can turanci suka fara, yaro dai baya daɗewa. In akwai ƙasa da shekara 5, tsarin duba su kyauta a likita na nan tun 2006, ko da yake sau tari magani sai ka saya. In wani nasu ya ɓace a hanya, Croix-Rouge na taimakawa wajen haɗa dangi.

Maganar aiki kuma ba ofis zai ba shi ba. Kai shi Kasuwar Dole ka haɗa shi da shugaban 'yan sana'arshi, ka tsaya mishi, bahaushe ne cikin hausawa, in yana da amana zai samu rumfar da zai raɓa.