Aska Takwas Da Ta Koma Rigar Dogari

Kai yaro, ka ce wani ya nuna maka hoto a waya, yana son babbar riga mai ɗinkin aska takwas amma a cusa mata zare kala huɗu, kana tambaya ko son ransa za ka bi ko abin da idonka ya ce maka yana da kyau. Soke allurar nan a hularka ka zauna. Ka fama mini mikin da ya girme ka.

A 1983 ne, shekarar da Shagari ya sake cin zaɓe. Wani Alhaji ɗan kwangila, ba zan kama sunansa ba don ƙasa ta rufe masa ido, ya yi sallama a zauren nan namu na Zariya da saƙi mai kyau, irin wanda ɗigonsa yake kamar jikin zabuwa. Ya ce riga yake so ta shiga taro. Na ce to, zaren tsamiya za a sa, shi kaɗai. Ku yaran yanzu kun ɗauka tsamiya sunan kala ne a Kantin Kwari. Gidan tsutsa ne, a daji ake ɗebo shi, a dafa da ruwan toka, mata su kaɗa. Ba ya walƙiya, launinsa kamar ƙasa-ƙasa, amma idan ya hau saƙi, masu bugu suka gama da shi, daga nesa ake gane mutumin kirki ne a ciki.

Alhaji ya yatsine fuska. Wai abin ya yi sanyi, shi yana son in ya fito daga mota a san ya fito. A sa masa ja a asake, kore a tambari, rawaya a cin wuya. Zuciyata ta ce kar ka yarda. Amma ɗakin uwargida yana yoyo, ina son in rufe shi da kwano kafin damina mai zuwa, kuɗin da ya ambata kuwa ya isa har da canji. Na ce an gama. Kafin alƙalami ma ban karɓa ba, don surukin maƙwabcina ne, kunya ta hana ni. Wauta biyu ke nan a zama ɗaya.

Wata biyar na yi a kan rigar nan. Ka san al'adata, ba yau na fara ba: in na dawo daga asuba in sha koko, in jefa goro a baki, in jira hantsi ya shigo ƙofar zaure, sannan in ɗauki aiki har azahar. Ba na ɗinki a hasken lantarki, yana yi wa launi ƙarya. To duk safiyar Allah in na buɗe rigar sai gabana ya faɗi. Hannuna bai yi kuskure ko ɗaya ba, sukan allura a jere kamar haƙoran masara, amma abin ba ya kalluwa. Ja yana faɗa da kore, asaken da ya kamata su gangaro a natse daga aljihu sun zama kamar ana ihu.

Ranar da ya zo karɓa da abokansa biyu ya zo. Ɗaya ya duba ya kwashe da dariya, ya ce, "Alhaji, dogari aka naɗa ka?" Nan take mutumin nan ya juya a kaina, wai na lalata masa saƙi, wai ni ne gwani, me ya hana ni faɗa masa? Ni da na faɗa har sau uku! Duk da haka ya naɗe rigar, ya ce zai nuna a gida, kuɗi kuma sai gwamnati ta biya shi. Ranar 31 ga Disamba sojoji suka yi juyin mulki. Daga nan duk zuwan da na yi, sai a ce Alhaji yana Legas bin bashi.

Kuɗin ma na haƙura da shi. Abin da har yau yake ci mini rai, a ƙaramar Sallah da ta biyo baya na je kallon hawa ƙofar fada, sai ga rigata a jikin maroƙi. Kyauta ya ba shi. Yana ta wasa Alhaji da kirari, sanye da idanuna na wata biyar. A bayana na ji wani yana tambaya wa ya yi wannan ɗanyen aiki, aka ambaci sunana. Ba wanda ya ce Alhaji ne ya zaɓi kala. Shekara biyu manyan gari ba su kawo mini ko wando ba.

Saboda haka ni a wurina ado shi ne sanin inda za ka tsaya. Dubi bayan riga: tambari ɗaya, sauran fili a bar wa ido ya huta. Fura ma in ka cika mata sukari ka kashe ɗanɗanon gero. Ku kuwa kun tashi kun tarar da injin kwamfuta yana zazzaga ɗinki cikin awa biyu, kun ɗauka yawa shi ne kyau. Ba na zagin inji, yana ciyar da mutane, amma kar ka kawo mini tunaninsa zauren nan.

Yadda ake ɗora zane da ɗaure bakin zare kuwa, in har yanzu sai na koya maka, to shekara uku shara kawai ka yi mana.

Mutumin naka, ka ce masa kala biyu za ka yi, kuma waɗanda ba sa gaba da juna. In ya yarda, ya ajiye rabin kuɗi a gaban shaida, ko da mai rigar ƙanin babanka ne. In ya dage sai huɗu, nuna masa hanyar masu inji, ka yi masa addu'a. Tashi ka miƙo mini rigar can ta kan buzu, na hango cin wuyan da ka yi jiya ya karkace tun daga nan.