Shin Sai da Wasiƙar Babban Mutum Ake Samun Gurbin Likitanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. 'Yata ta ci maki 271 a JAMB, kuma ta zaɓi karatun likita a Jami'ar Jihar Gombe. Wani abokina ya ce in ban samo mata wasiƙa daga ɗan majalisa ko hakimi ba, to in haƙura. Kawunta da ke Ingila kuma yana cewa a can har intabiyu ake yi wa yara kafin a ɗauke su. Na rasa maganar wa zan bi. Daga wani uba a Pantami, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya yi wa yarinya albarka, 271 cikin 400 ba wasa ba ne.

Shekara ashirin da 'yan kai ina koyar da bayoloji a sakandare a nan Gombe, kuma duk damina sai iyaye sun zo mini da wannan magana. A Najeriya maki ne ke shigar da yaro ajin likita: abin da ya ci a JAMB, da tantancewar da jami'a ke yi, da kiredit biyar a WAEC ko NECO, wato Turanci, lissafi, fizik, kemistiri da bayoloji. Tun 2017 JAMB ta fito da tsarin CAPS, wato shafin intanet da ake bi wajen ba da gurbin karatu, kuma duk gurbin da bai bi ta nan ba, ba ta san da shi ba. Gurbin kuwa ƙalilan ne, domin hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka. Shi ya sa ƙofar take da matsi, ko a nan Gombe, ko a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, ko a jami'ar kiwon lafiya ta Azare.

Don Allah Alhaji, kar ka ba kowa ko kwabo da sunan zai samo wasiƙa. Na ga uwar da ta sayar da tumakinta uku saboda irin wannan alkawari, har yau abin yana ci mini rai.

Kawunta kuma gaskiya ya faɗa. A Ingila ta UCAS ake nema, wato hukumar da ke karɓar takardun neman shiga jami'o'insu, ana rufewa 15 ga Oktoba, kuma dole a haɗa da wasiƙar shaida daga malamin da ya koyar da yaro. Ka lura, malami, ba mai muƙami ba. Haka ma in za a nemi tallafin karatu. Wasiƙar da ke cewa "yarinya ce mai ladabi da hazaƙa" kowa ma ana rubuta masa, ba ta ƙara komai. Wadda na fi alfahari da ita cikin waɗanda na rubuta, labari ɗaya na bayar a ciki. Ranar da wata 'yar ajinsu ta yanke jiki ta faɗi a wurin taron safe, kowa ya ja da baya, ɗalibata ce ta durƙusa ta sassauta mata hijabi, ta kwantar da ita a gefe, ta tura a kirawo ni. Wanda bai taɓa ganin yarinya da idonsa ba, ina zai samo irin wannan?

Ita intabiyu ba ilimin littafi take aunawa ba, jarrabawa ta riga ta auna wannan. Yawancin makarantun Ingila suna bin salon da Jami'ar McMaster ta Kanada ta fara a farkon shekarun 2000: ɗalibi ya riƙa shiga wuri bayan wuri, 'yan mintoci a kowanne, da sabon mai tambaya da sabuwar matsala. Ana so a ga ko zai iya saurare, ko zai iya yi wa mai tsoro bayani, ko zai ce ban sani ba in bai sani ba. A ganina mu ma da muna yin haka da mun ƙaru, domin mara lafiyar da ya taso daga Dukku ko Kaltungo yana buƙatar likitan da zai dube shi a fuska.

Saboda haka ka fara gwada ta a gida. Ka tambaye ta me ya sa take son likitanci. In ta ce "don in taimaki al'umma", kar ka karɓa, ka ce ta ba ka labarin ranar da abin ya shiga zuciyarta. Ka sa ta yi wa kakarta bayanin hawan jini da Hausa tsantsa, ka ga ko tsohuwa za ta gane.

A makon nan kuma ta duba ko an ɗora sakamakonta na WAEC a shafinta na JAMB, ta riƙa leƙa CAPS da kanta, kar ta ba kowa lambar sirrinta. Sauran lokacin ta mayar kan fizik da kemistiri kafin ranar tantancewa.