Ku Tambaya, Mu Amsa: Wace Sana'a ce Ke Ƙara wa Ƙasar Zazzau Arziki?

Tambaya: Kullum ana cewa matasa su kama sana'a, tattalin arziki zai bunƙasa. To ga shi a layinmu masu POS sun kai biyar, shagunan kayan masarufi sun fi haka, amma unguwa tana nan yadda take. Ina bunƙasar take? Daga wani malamin makaranta, Tudun Wada.

Amsa: Malam, idonka ya gane maka gaskiya. Shago na shida a layi ɗaya ba ya ƙara ko sisi a kan kuɗin da ke aljihun mutanen layin. Cinikin da mutum biyar ke rabawa ne aka mayar na mutum shida. Sana'a ce ta halal, tana rufa wa mai ita asiri, amma ba ita ke ɗaga gari ba.

Gari yana ƙaruwa ne idan kuɗi suka shigo masa daga waje, kuma suka daɗe suna zagayawa hannu zuwa hannu kafin su fita. Zariya ba ta rasa mashigar kuɗi ba. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, iyaye daga ko'ina a ƙasar nan suke turo wa 'ya'yansu kuɗin abinci da na haya. Ga asibitin koyarwa a Shika, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ga barikokin soja, duk albashi ne da ke sauka duk wata. Matsalar tana wajen fita. Idan ƙwan da ɗalibi ya ci da takalmin da ya sa da man da aka soya masa awara duk daga wani gari aka kawo su, kuɗin sun kwana ɗaya ne a Zariya suka wuce, ɗan abin da ya rage shi ne ribar mai shago.

Ɗauki masara, wadda Jihar Kaduna ke cikin sahun gaba wajen nomanta. Idan aka loda buhu daga Giwa ko Soba aka yi Kudu da shi, abin da ya zauna a nan shi ne kuɗin manomi, ladan dillali da na 'yan dako. Idan kuwa aka ɓarza shi a nan, aka haɗa da tunkuzar waken soya da dusa ya zama abincin kaji, to mai inji ya ci, makanike ya ci, mai kiwo ya ci, mai sarin ƙwai ya ci, manomin lambu ma ya sami kashin kaji ya zuba a gona. Buhu ɗaya ne, amma ya ratsa ƙarin gida biyar. Kaza mai ƙwai tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 a rana, wato kaji 1,000 suna lashe fiye da kilo 100 kullum, kuma kusan rabinsa masara ce. Mai kiwo guda ya zama kasuwar manoma da dama ke nan, tun daga kaka har wata kakar.

Haka Sabon Gari ya kafu. Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, auduga da gyaɗa suka riƙa jawo kuɗi daga waje, sannan shaguna suka biyo baya. Ba shagunan ne suka fara ba.

Binciken da hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta SMEDAN da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka yi a 2021 ya nuna ƙanana da matsakaitan sana'o'i sun kusa miliyan 40 a Najeriya, kuma su ke samar da kusan kashi 46 cikin ɗari na arzikin ƙasa. Sai dai mafi yawansu ba su wuce mai su da yaronsa ba. Abin da muke buƙata shi ne wasu daga cikinsu su girma har su ɗauki mutum goma, ashirin.

Tambaya: Na gama bautar ƙasa da ɗan abin da na tara. Ina so in sayi masara da wake da kaka in ajiye zuwa bazara. Yaya zan yi kada su lalace? Daga wani matashi, Samaru.

Amsa: Ɗan'uwa, abu na farko laima. Kada masara ta shiga buhu sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari. In ba ka da na'urar awo, sami kwalba busasshiya, zuba masara da busasshen gishiri, rufe ka girgiza, ka bar ta ta ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin shanya. Kuma a kan tamfol ake shanya, ba a ƙasa ba. Masarar da aka rufe da laima tana yin fumfuna, fumfunar nan kuwa tana haifar da guba mai lalata hanta, wadda manyan masu haɗa abincin kaji ke aunawa su mayar maka da kayanka.

Yi amfani da buhun PICS mai ninki uku: leda biyu a ciki, buhu a waje. A duba ledojin kada a sami huda, a matse iska, a ɗaure kowace daban. Ƙwarin ciki iska za ta ƙare musu su mutu ba tare da magani ba. A jera buhunan a kan katako, a bar tazara da bango, a yi maganin ɓera, domin huda ɗaya ta ɓata aikin gaba ɗaya. Muna roƙonka da Allah kada ka zuba maganin feshi a cikin wake. Wannan ɗabi'ar ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, laifin wasu ya rufe wa kowa kasuwa, ban da cutar da ake yi wa masu ci a nan gida.

Amma ka sani ajiya zalla tana da haɗari. Waɗanda suka tara hatsi a kakar 2024 da yawa sun tafka asara, domin farashi ya karye a 2025 maimakon ya hau. Shawararmu ita ce ka fara neman mai saye kafin ka sayi kaya. Je wurin masu haɗa abincin kaji da masu gidajen abinci, ka ji irin masarar da suke so da yawan da suke ɗauka a wata. Ka tankaɗe, ka cire tsakuwa da ƙaiƙayi, ka auna a sikeli, kowane buhu kilonsa cikakke. Wanda ya san kayanka ba ha'inci zai ƙara maka kuɗi kuma zai dawo. Da haka kuma ka fita daga sahun masu ɓoye abinci suna jiran tsada, abin da addini ya yi hani a kansa.

Tambaya: Mu mata goma sha biyu ne muke adashi. Da rani tumatir yana zubewa a wajenmu, muna so mu shiga yin kauɗa don sayarwa. Akwai riba? Daga wata uwargida, Hunkuyi.

Amsa: Hajiya, akwai, muddin kuka yi lissafi tun farko. Tumatir kusan duk ruwa ne, fiye da kashi 90 cikin ɗari. Sai kun yanka kilo 15 zuwa 20 na ɗanye kafin ku sami kilo ɗaya na kauɗa. Saboda haka ba ta biya sai a makonnin da kwando ya faɗi warwas, kuma sai an iya haƙurin riƙe ta zuwa farkon damina, lokacin da ɗanye ke wuya.

Abin da ke karya darajar kauɗa shi ne shanya a bakin titi ko a kan ƙasa: yashi, ƙura, kashin awaki. Ku zaɓi nau'i mai tauri da ƙarancin ruwa, ku wanke, ku ware ruɓaɓɓu, ku tsaga biyu ko huɗu daidai wa daida don su bushe tare. A yi gadon shanya da katako da raga, ya tashi daga ƙasa kamar zuwa ƙugu, a lulluɓe da gidan sauro, a kwashe kafin raɓar dare. Wadda aka ɗaure ba ta gama bushewa ba za ta yi baƙi ta yi fumfuna a cikin leda. Ku ƙulla a ƙananan ledoji da awo ɗaya, ku fara da masu abincin sayarwa da makarantun kwana. Ranar da kuka so sa suna a jiki ku kai manyan kantuna, sai an yi rajistar NAFDAC.

Kada kuma ku zuba adashin duka a tumatir. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Gadon shanyar da kuka yi zai ɗauki tattasai, attaruhu da kuɓewa.

Tambaya: Cibiyoyin binciken da ke garin nan, me ƙaramin mai sana'a zai samu a wurinsu? Daga wani baduku, cikin birni.

Amsa: Malam, abu mai yawa, kuma abin takaici ne yadda ba a zuwa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana nan tun 1922, daga ita ake samun ire-iren SAMMAZ na masara, SAMPEA na wake da SAMNUT na gyaɗa. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika ita ta fitar da kazar Shika Brown. Naka fannin kuwa, cibiyar fasahar fata ta NILEST tana Samaru, tana koyar da jima da haɗa takalmi. Tafi da samfurin aikinka da tambaya guda takamaimai, misali me ke sa rini zuba ko tafin takalmi ɓallewa. Ka kuma koyi yanka a kan ma'auni, yadda lamba 42 ta yau za ta zama daidai da ta gobe, domin sai da haka makaranta za ta ba ka aikin takalma 200.

Tambaya: Ina son faɗaɗa wurin ɗinkina amma ba na son kuɗin ruwa. Ina mafita? Daga wata tela, Sabon Gari.

Amsa: Malama, fara da littafi. Da yawa daga sana'o'in da ke durƙushewa ba rashin jari ne ya kashe su ba, haɗa aljihun gida da na shago ne, da bashin da ba a rubuta ba. Yanka wa kanki albashi, kada ki wuce shi. Rubuta shiga da fita na wata shida, har da man janareta da zare, ki buɗe wa shagon asusun banki nasa. Yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani shi kaɗai.

Da wannan a hannu, bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, waɗanda suka fara aiki a ƙasar nan tun 2012, suna da tsarin murabaha: su sayi keken ko injin aikin surfani, su sayar miki da ribar da aka sani tun farko, ki biya kashi-kashi. Idan kuma ɗan'uwa ne zai sa kuɗi ke ki sa aiki, a raba riba bisa kaso, kamar 60 da 40, ba a ce zai karɓi kaza duk wata ko an samu ko ba a samu ba. A rubuta, a sa shaidu biyu, a faɗi ranar lissafi da yadda za a rabu in ta kama.

Kafin ki ƙara keke, tabbatar da aikin da zai ci. Ɗinkin Sallah wata biyu ne a shekara. Kayan makaranta, rigunan ma'aikatan asibiti da zannuwan gadon ɗakunan kwanan ɗalibai su ke riƙe ma'aikata sauran wata goman, kuma a karɓi rabin kuɗi kafin a yanka yadi.