Me ya hana a zuba wa rijiyar mai siminti idan ta ɓalle a ƙasan teku?

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai rijiyar man da ta kusa wata uku tana ambaliya a cikin teku. Me ya hana a cika ta da siminti kowa ya huta? Daga wani ɗalibi a Kaduna.

Amsa: Ina ma abin da sauƙi haka, ɗan'uwa. Rijiyar Macondo kake nufi, a Tekun Meziko, wadda dandamalin haƙa na Deepwater Horizon ya yi bindiga a kanta ranar 20 ga Afrilu, 2010, ma'aikata 11 suka mutu. Bakinta na zurfin kusan mita 1,500, inda babu mai nutson da zai kai, sai mutum-mutumin da ake sarrafawa daga jirgi.

Siminti ba ya zama a ramin da mai da gas ke feshowa. Kafin ya daskare an tunkuɗo shi waje. Dole a fara tsayar da kwararar. Akwai jibgegiyar na'ura a bakin rijiyar mai haƙoran ƙarfe da za su datse bututu su rufe ramin in abu ya ɓaci, amma bututun ya lanƙwashe, haƙoran ba su kama shi daidai ba. An kifa mata ƙaton akwati, sanyi da matsin ruwa suka sa gas ya zama kamar ƙanƙara ya toshe shi. An tura taɓo mai nauyi, man ya fi ƙarfinsa.

Abin da ya ci nasara murfi ne mai bawuloli. Aka ɗora shi bawulolin a buɗe, sannan aka riƙa rufe su sannu a hankali, ido na kan ma'aunin matsi. A ganina nan gwanintar take. In bangon rijiyar ya riga ya tsage, rufe saman zai tura man ya ɓullo ta ƙasan teku ta ramuka barkatai, waɗanda babu murfin da zai rufe. Ranar 15 ga Yuli, bayan kwana 87, man ya tsaya. Sai a Agusta siminti ya samu shiga, kuma ranar 19 ga Satumba aka tabbatar rijiyar ta mutu, bayan an haƙa wata daga gefe ta cim mata can ƙasa.

Yanzu ana ajiye irin wannan murfi a shirye a Norwe, Barazil, Singafo da Afirka ta Kudu. Mu ma abin ya shafe mu, tunda rijiyoyin man Najeriya na Bonga da Agbami a ruwa mai zurfi suke.