Tambaya da Amsa: Testa mai jin wuta da auna zafi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi irin testar nan mai kamar biro, wadda ke ƙara in an kusanta ta da waya, kuma tana auna zafi da jan haske. Na auna mahaɗar jan ƙarfe a kan bireka, wurin da roba ta fara baƙi, sai ta nuna mini digiri 38 kacal. Jabu aka sayar mini? Mai gyaran wuta, Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Da wuya a ce jabu ce, wurin da ka auna ne ya yaudare ta. Jan hasken nan nuni ne kawai, ba shi ke awo ba. Akwai wani ido a goshin na'urar da ke karɓar tururin zafin da abu ke fitarwa, kuma yawancin ƙananan nan an saita su a kan 0.95, wato ma'aunin yadda abu ke sakin tururin zafinsa, lambar da ta dace da roba, fenti, katako da siminti. Ƙarfe mai sheƙi kuwa, jan ƙarfe ko alminiyam, rowar zafinsa yake yi, ya riƙa maido da na kewaye kamar madubi. Wato zafin ɗakin ka auna, har da na jikinka.

Ka auna a kan rigar wayar daf da notin mahaɗar, ko a jikin birekar. In lallai ƙarfen kake so, kashe wuta, manna masa baƙin salatif, maido da wuta, ka ba shi kamar minti 20 yana ɗauke da lodi, sannan ka auna kan salatif ɗin.

Sai maganar nisa, inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Duba jikin testar ko takardarta za ka ga lamba irin 4:1, kamar yadda take a NCVT-4IR ta kamfanin Klein Tools. Ma'ana, daga santimita 20 tana auna da'ira mai faɗin santimita 5, daga mita ɗaya kuwa santimita 25. Noti bai fi kan yatsa ba, don haka daga nesa tana gauraya zafinsa da sanyin bango ta ba ka tsaka-tsaki. Amma kada neman daidai ya sa ka cusa hannu cikin akwati mai wuta. Ba ta gani ta cikin gilashi ko murfin roba, zafin murfin za ta faɗa maka.

Lamba ɗaya ba ta cika amfani ba, kwatanci shi ne aikin. Kunna kayan gidan, ka auna bireka biyu ko layi uku masu lodi kusan ɗaya. In ɗaya ya zarce 'yan'uwansa da fiye da digiri 15, gyara ne na yau, ba na gobe ba. Zafin da ya taru a mahaɗa yana raguwa in ka bi wayar, noti ne ya saki ko ya yi tsatsa. Wanda ya bi tsawon wayar bai ɗaya, lodi ne ya fi ƙarfinta, kuma waya mai rigar PVC iyakarta digiri 70. Akwatin da rana ta gasa a watan Afrilu, a bar awonsa sai da sassafe.

Tambaya: Ina koyon aikin sola. In testa ta yi shiru, zan iya kama wayar? Ɗan koyo, Maraɗi

Amsa: A'a, ƙanena, kada ka kuskura. Wutar AC kaɗai take ji, irin ta gari, ta janareta da wadda ke fitowa daga inbata. Ta faifan sola da ta batir DC ce, kuma jerin faifai na iya haura volt 300 alhali testa ba ta ce uffan ba. Ko a AC ɗin ma takan yi gum a kan waya mai sulke ko wadda ke cikin bututun ƙarfe, ko in batirinta ya yi sanyi, ko in kana kan tsanin da ya raba ka da ƙasa, domin da jikinka take cika aikinta. A waya mai harshe biyu ko uku, zagaya ta da bakin testar, wani gefen shiru ne.

Kafin ka taɓa: gwada testar a soket ɗin da ka san da wuta, gwada wayar, ka koma soket ɗin ka tabbatar ba a tsakani ta mutu ba. Sannan ka sa maltimita tsakanin layi da nutural, layi da wayar ƙasa, nutural da wayar ƙasa. Ɗauke wuta kuma ba kashe wuta ba ne. Sauke bireka, kashe inbata, ka faɗa wa mai tada janareta kana kan aiki.

Testar tana kuma ihun banza. Wayar da aka kashe amma ta jeru da mai wuta kan sa ta ƙara, haka gogar riga lokacin hunturu.

Tambaya: Za ta auna zazzaɓin yaro? Uwargida, Kumasi

Amsa: Ba za ta yi ba, Hajiya. Kuskurenta kan kai digiri 2, tsakanin lafiya da zazzaɓi kuwa kusan digiri 1 ne. Jan hasken ma na iya cutar da idonsa. A nemi ma'aunin jiki a kemis.