Tambaya da Amsa: Faransanci, Larabci ko Sinanci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 26, na kammala digiri a fannin akanta, kuma a halin yanzu ina taimaka wa kawuna a shagonsa na atamfa da shadda a Kantin Kwari. Ina jin Hausa da Turanci, ina kuma karanta Alƙur'ani, amma ba na iya magana da Larabci. Ina so in ƙara harshe ɗaya wanda zai amfane ni. Abokaina sun ce Sinanci, domin daga Sin kaya ke zuwa; mahaifina ya ce Larabci; ni kuwa zuciyata ta fi karkata ga Faransanci, saboda yawancin manyan abokan cinikinmu daga Nijar, Chadi da Kamaru suke. Wanne zan ɗauka? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka riga ka ba kanka rabin amsa a jimlarka ta ƙarshe, domin harshen da ya kamata mutum ya fara koya shi ne na mutanen da yake haɗuwa da su kowane mako. Shawarata ita ce ka fara da Faransanci, amma ina so ka san ainihin abin da zai yi maka.

Ba don cinikin baka kake bukatarsa ba. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ya shigo shagon kawunka da Hausa zai taya, da Hausa za a sallama masa, kuma tun watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, suka bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Inda Hausa ke tsayawa shi ne a kan takarda. Takardar duwan, wato kwastan, da takardun banki, da yarjejeniyar haya ko ta jigilar kaya, da shaidar biyan haraji, akasarinsu da Faransanci ake rubuta su a Nijar da Benin da Chadi da kuma mafi yawan yankunan Kamaru, wato duk ƙasashe huɗun da ke iyaka da Najeriya. Mutumin da ya karanta akanta, yana jin Hausa da Turanci, sannan yana iya karanta waɗannan takardu da kansa ba tare da ya miƙa su ga ɗan kamasho a bakin iyaka ba, ya mallaki abin da ƙalilan ne ke da shi a kasuwar. Idan kayanku suna biyowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome, amfanin ya ƙara fitowa fili. Haka nan idan wata rana ka nemi aiki a ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma wadda hedikwatarta ke Abuja, harsunan aikinta uku ne: Turanci, Faransanci da harshen Portugal.

Koyonsa kuma bai kai wahalar da ake zato ba ga wanda ya iya Turanci, domin haruffan ɗaya ne kuma kalmomi da dama sun yi kama da juna. Rarrabe namiji da mace a cikin sunaye, wanda ke wahalar da masu Turanci zalla, ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Abin da zai ba ka aiki shi ne furuci, saboda ana rubuta haruffa da yawa da ba a furta su, sai kuma ƙidaya, inda ake kiran 80 da ashirin sau huɗu. Ka haɗa wannan da yadda 'yan Nijar ke lissafin kuɗi da dala, wadda take sefa 5, za ka ga dalilin da ya sa nake cewa ɗan kasuwa ya fara da lambobi kafin nahawu. Akwai cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française a Kano, akwai kuma Ƙauyen Koyon Faransanci da gwamnatin tarayya ta kafa a Badagry a 1991. Ka sa wa kanka burin cin jarrabawar Faransanci ta DELF a matakin B1, wato matsakaicin mataki, domin takardar shaida ce da ake amincewa da ita a ko'ina.

Game da Larabci, maganar mahaifinka tana da nauyi, kuma ba na so ka ɗauke ta a matsayin kishiyar Faransanci. Larabcin da yake nufi, wato Fusha, shi ne na littattafan fiƙihu da tafsiri da huɗuba, kuma neman sa neman ilimin addini ne wanda ba a auna shi da riba. Kana iya ci gaba da shi a gaban malamin zaure ko a Islamiyyar dare, kamar yadda dubban 'yan kasuwar Kano suka saba yi. Sai dai ka sani cewa Larabcin kasuwar Njamena ko Khartum ko Jidda ya sha bamban da na littafi, har wanda ya sauke littattafan nahawu yana iya tsayawa gaban mai shago ya rasa abin da ake ce masa. Da a ce yawancin abokan cinikinku 'yan Chadi ne, da na ce ka nemi Larabcin Shuwa, wanda masu jin sa suna nan a Maiduguri, har ma a cikin Kano.

Sinanci shi ne wanda zan ce ka jinkirta. Karin sauti ba zai ba ka tsoro ba, tun da a Hausa ma sauti ne ke raba kukan yaro da itacen kuka, kuma daidaitaccen Sinanci sauti 4 yake da su. Rubutun ne babban aiki, domin kafin mutum ya karanta jarida yana bukatar sanin alamomi tsakanin 2,000 da 3,000, kowace da siffarta. Ga kuma nisan wurin koyo, tun da cibiyoyin Confucius masu koyar da Sinanci da aka sani a ƙasar nan suna Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa biranen Guangzhou da Yiwu na ƙasar Sin sun daɗe suna sayayya ta hannun tafinta da wakilai, da ɗan Turanci da na'urar lissafi. Idan ranar ta zo da kawunka ya yanke shawarar tura ka can ka zauna a matsayin wakilin shago, a lokacin ne lissafin zai canza, kuma a can za ka fi saurin koyonsa.

Kafin ka biya kuɗin makaranta, ka roƙi ɗaya daga cikin abokan cinikinku na Nijar ya kawo maka tsofaffin takardun duwan da na banki waɗanda ba ya bukata, ka riƙa karanta su da ƙamus bayan an rufe shago, sannan duk lokacin da ya zo sayayya ku yi lissafin kayan da Faransanci kafin ku maimaita shi da Hausa.