Ku Tambaya Mu Amsa: Digirin MBA ta Intanet

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata kan MBA, wato digiri na biyu a fannin tafiyar da kasuwanci, musamman wanda ake yi ta intanet. Ga waɗanda muka zaɓo.

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin banki ne. Ina son yin MBA ta intanet, amma abokan aikina sun ce takardar ba ta da daraja, duk inda aka kai ta gefe ake ajiye ta. Haka ne?
*Mai karatu daga Hotoro*

Wa'alaikumus salam, Malam. Darajar takarda tana ga jami'ar da ta bayar da ita da hukumar da ta amince da jami'ar. Abin da za ka bincika ke nan tun kafin ka biya ko sisi.

In ta gida ce, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ke da ta cewa. A shafinta akwai jerin jami'o'in da ta amince da su, da jerin cibiyoyin karatu daga nesa da ta ba izini, tana kuma fitar da sunayen jami'o'in bogi. A nan mutane ke tuntuɓe: jami'a na iya zama halattacciya amma ba ta da izinin koyarwa daga nesa. Sai ka tabbatar sunanta yana cikin jerin farko da na biyu duka. Jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, NOUN, wadda aka kafa a 1983 aka farfaɗo da ita a 2002, don wannan aikin aka yi ta, kuma tana da cibiya a nan Kano. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da cibiyar karatu daga nesa da ke bayar da MBA.

In ta waje ce, akwai hukumomi uku da suka yi suna wajen tantance makarantun kasuwanci: AACSB a Amurka, AMBA a Ingila, da EQUIS a Turai. Kada ka tsaya ga tambarin da makaranta ta liƙa a shafinta, tambari kowa na iya kwafa. Shiga shafin hukumar kanta ka nemi sunan makarantar. Rashin waɗannan ukun ba ya mai da makaranta ta bogi, amma lallai ta kasance gwamnatin ƙasarta ta san da ita. In kuma a ma'aikatar gwamnati za ka gabatar da takardar, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta. A Janairun 2024 ma'aikatar ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida.

Duk wanda ya ce maka MBA cikin wata shida, ba ya neman sakamakon digirinka na farko, kuma kuɗin a asusun wani mutum za a zuba, to takarda yake sayarwa. Sannan ka je sashen kula da ma'aikata na bankinku, su rubuta maka cewa za su karɓi takardar wannan jami'ar. Alkawarin baki ba ya shiga fayil.

Ina aiki, ga yara uku. An ce na intanet ya fi sauƙi, da waya ma ana gamawa. In shiga?
*Wata baiwar Allah daga Gyaɗi-Gyaɗi*

Hajiya, abin da aka sauƙaƙe miki zirga-zirga ce kawai. Darussan suna nan yadda suke: lissafin kuɗi, ƙididdiga, tattalin arziki, dabarun talla, kula da ma'aikata, da aikin bincike a ƙarshe. Ki ware awa 15 zuwa 20 a mako, na tsawon shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci fiye. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne ba malamin da zai ga kujerarki babu kowa ya tambaya. Mako biyu in suka wuce ba ki buɗe darasi ba, aikin gida ya taru, kamo shi sai an sha wuya.

Waya ta isa kallon lacca, amma ba za ta yi miki lissafin Excel mai layi ɗari uku ba. Ana buƙatar kwamfutar tafi-da-gidanka mai kyamara. Lacca ta bidiyo kai-tsaye tana cin abin da ya kusa gigabayit ɗaya a awa, don haka ki riƙa sauke darussa da daddare, ki kuma ajiye layuka biyu na kamfanoni daban. Makarantun waje da dama suna sa ido kan jarrabawa ta kyamara, kuma in intanet ya yanke a tsakiya ana iya rufe miki takardar. Ranar jarrabawa kada ki dogara da wutar gari. A cika batir, inbata ko janareta na kusa. Jami'o'in gida kuwa galibi sai ɗalibi ya je cibiyar jarrabawa da ƙafarsa.

Ki kuma tambayi lokacin lacca. Ajin ƙarfe 7 na yamma a Niyok ƙarfe 12 na dare ne a Kano, lokacin sanyinsu kuma ƙarfe 1. Ga mai tashi da asuba ta shirya yara makaranta, wannan kaɗai ya isa sauya shawara.

Na ga wata jami'ar waje ta ce karatu kyauta ne. Mene ne gaskiyar lamarin?
*Ɗalibi daga Kabuga*

Karanta ƙananan rubutun. Jami'ar University of the People, alal misali, ba ta karɓar kuɗin koyarwa, amma ana biyan kuɗin jarrabawa a kowane darasi, da dala. Haɗa kuɗin duk darussan, ka ƙara na neman gurbi, na data, da na aiko da takardu.

Ka kuma yi lissafin canji. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,400. Wanda ya fara karatu da lissafin farko ya tarar kuɗin makarantarsa ya ninka sau uku. In albashinka da naira ne, ka auna da kyau. Haka nan takardar shaidar gajeren kwas ta shafukan koyarwa na intanet irin su Coursera ko edX ba digiri ba ce, ko da sunan babbar jami'a a kanta, duk da cewa akwai cikakkun digirori a can, kamar MBA na Jami'ar Ilinoi.

HND gare ni. Ina son MBA don in zarce digirin digirgir in koma koyarwa a jami'a.
*Mai karatu daga Rijiyar Zaki*

Ɗan'uwa, gyara biyu. Mai HND ko digiri mai daraja ta uku, yawancin jami'o'inmu sai ya fara yin babbar difloma, PGD, ta shekara guda. Za su kuma nemi takardar hidimar ƙasa ko ta yafewa, da cikakken sakamakon da makarantarka za ta aika musu kai-tsaye. Wannan na ƙarshen yakan ɗauki watanni, ka fara bin sa da wuri.

Na biyu, MBA digirin masu aiki ne. Jami'o'i da yawa a Najeriya ba sa ɗaukar mai shi kai-tsaye zuwa digirin digirgir, sun fi son MSc, wato digiri na biyu mai bincike. Tunda koyarwa ka nufa, MSc za ka nema.

In na yi MBA na Ingila ta intanet zan samu bizar zuwa can aiki?
*Matashi daga Na'ibawa*

A'a. Bizar zama bayan kammala karatu ta waɗanda suka yi karatun a cikin ƙasar ce da bizar ɗalibi. Dillalin da ya ce maka akasin haka, ka riƙe kuɗinka.

Ina da shaguna biyu a Kantin Kwari. Ɗana ya matsa sai na yi MBA, wai kasuwa za ta bunƙasa.
*Wani Alhaji daga Fagge*

Ranka ya daɗe, ciniki kam ba a aji za a koya maka ba. Abin da karatun zai ƙara maka shi ne raba kuɗin shago da na gida, sanin kwana nawa dila ke yi kafin ta fita, auna bashin da ke hannun abokan ciniki, da shirya takardun da banki ke nema. In waɗannan kawai kake so, kwas na wata uku a kan ajiye lissafi ya wadatar. In kuma haɗuwa da manajojin bankuna da na masana'antun Sharaɗa da Bompai kake nema, aji na ido da ido ya fi, kamar na Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero. MBA kuma sai mai digirin farko ko PGD, ga shi ba ka faɗa mana matakin karatunka ba. Ka sake rubuto mana da wannan bayanin.